Kukan Kujera

Fijo ce fara, ta Baba,
ta girme ni da shekara biyu.
Ranar rabon gado kowa ya kau da kai,
ni na ɗauki makulli.

Inji lafiya lau.
Ko da asubar Jos, da ruwan randa ke cizon yatsa,
tari biyu take yi ta tashi.
Sai dai kukan nan:
ƙiiƙ, in na taka birki,
ƙiiƙ-ƙiƙ, in na sha kwanar Gada Biyu,
kamar ɓeran da buhun masara ya danne wa wutsiya.

Na canza shokozoba, yana nan.
Na ɗaure salansa da waya,
na cusa kwali a bakin gilashi,
na fitar da jak da tsohuwar taya daga but.
Kuɗi sun tafi, ɓera bai tafi ba.
Sai Rumasa'u, 'yar shekara shida,
ta leƙo daga baya da bakinta duk alawa:
"Abba, ai a ƙarƙashinka yake."

Farin Gada, ranar Talata.
Dalyop bai ko kalli inji ba.
Ya goge hannu da tsumma, ya ce in zauna.
"Jingina. Dawo. Karkata dama."
Shiru.
"To, hagu."
Ƙiiƙ.
Ya yi murmushin masuncin da fatsarsa ta motsa.

Ya durƙusa, tocila a baki,
ya ja kujerar gaba, ya mayar da ita baya.
Noti huɗu: uku suka bi sifana salin-alin,
na huɗu ya kafe
sai da aka ba shi baƙin mai ya sha.
Shi da yaronsa Sabitu suka ciccibo ta,
suka kifar a kan kwali
kamar tunkiyar da za a duba wa kofato.

Ga abin da ta ɓoye:
ƙwallon dabino, murfin biro,
sule ɗaya da ya yi baƙi ƙirin,
rasit ɗin mai da rubutunsa ya gudu.
"Ba su ba ne," in ji Dalyop.
Ya ɗaga soso, ya ɗora yatsana a wurin.
Sifirin na gefen hagu ya saki,
ya goga ƙarfe, ya goga, har ya ci masa rami,
ramin na sheƙi a tsakiyar tsatsa kamar sabon cokali.
"Mai motar nan na da,
a karkace yake tuƙi?"

Ban amsa ba.
Na ga gwiwar hannun Baba a kan taga,
rabin jikinsa a waje, daga Gangare har Katako:
Ina kwana? Ya jikin tsohuwa?
An sauka lafiya? Allah ya raya!
Tafiyar minti goma ta cinye awa,
mu a baya muna ƙunƙuni,
don mun san bulala na jiran mu a ƙofar makaranta.
Shekara talatin na gaisuwa,
ashe ƙarfe na rubutawa.

Dalyop ya yanko robar cikin taya,
ya naɗe bakin sifirin, ya lanƙwasa shi da filaya.
Kananzir da tsohon buroshin haƙori suka share layi,
ya lakato giris ya bi shi lungu-lungu,
wosha sabuwa ƙarƙashin kowane noti.
"Zauna. Hagu."
Shiru.
"Girgiza da ƙarfi."
Shiru.
Kuɗin bai kai rabin na shokozoba ba.
Ya miƙo mini sulen nan: "Ga canjinka."

Na kamo hanyar gida da la'asar sakaliya.
Ina jin taya na lasar kwalta,
ina jin makulli na taɓa ɗan'uwansa.
A Gangare mai shayi ya ɗago ludayi,
wani tsoho a benci ya gane farar mota, ya miƙe.
Ban san sa'ad da na sassauta ba.
Sai ga gwiwar hannuna a taga,
kafaɗa a waje,
bakina yana tambayar jikin mutanen da ban sani ba,
mai Keke Napep a baya yana ta danna hon.

Robar Dalyop ta karɓi nauyin,
ba ta ce uffan ba.
Mu ga shekara nawa za ta yi.